Darasi na Goma Sha Huɗu: Yadda Ake Zama Dillalin Gidaje da Filaye Mai Rajista

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran za ka iya bayyana aikin dillali, ka lissafa matakan da ake bi a yi rajista, ka kuma yi amfani da kalmomin ciniki a jimlolinka.

Karatu

Ya kai ɗalibi, duk garin da kake zaune, ko Legas ne, ko Inugu, ko Fatakwal, ka taɓa ganin allo a jikin gini ana shelar gidan haya ko filin sayarwa. Lambar wayar da ke kan allon galibi ta dillali ce. Dillali shi ne mutumin da ke shiga tsakanin mai kaya da mai saye har ciniki ya faɗa. Ladan aikinsa kuwa ana ce masa la'ada.

Dillanci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Akwai dillalan shanu, da na goro, da na tufafi, akwai kuma dillaliya, wadda ke shiga gida-gida da kayan mata. A da, idan za a sayar da gida, akan kira mai unguwa da dattawa su zama shaidu, kowa ya san kowa. Yau birane sun faɗaɗa, baƙo na saye daga hannun baƙo, kuɗin fuloti ɗaya kuma yakan zama tarin gumin mutum na shekaru masu yawa. Mugun dillali yana iya sayar da fili ɗaya ga mutum uku, ko ya karɓi kuɗin haya a kan gidan da ba shi da iko da shi. Wannan ne ya sa hukuma ta sa hannu a harkar.

Kafin ka sayar da fili, wajibi ne ka san dokar ƙasa. A shekarar 1978 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Filaye. Dokar ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta, ya riƙe su amana domin jama'a. Gwamna ne ke kula da filayen birane, ƙaramar hukuma kuma tana ba da izinin amfani da filayen karkara. Saboda haka abin da mutum ke riƙe da shi shi ne haƙƙin zama da amfani da fili, galibi na shekara 99. Takardar shaidar mallaka ita ce ke tabbatar da wannan haƙƙi. Idan mai takardar zai sayar da filinsa ko ya jinginar da shi, sai an nemi amincewar gwamna.

Akwai hanyoyi biyu na shiga wannan sana'a. Ta farko ita ce hanyar ƙwararru, wato masu kula da kadarori da ƙiyasta darajarsu. Ga matakanta:

Na ɗaya, ka gama sakandare da sakamako mai kyau a darussa biyar, ciki har da Turanci da Lissafi. Darasin Tattalin Arziki ma yana da muhimmanci ƙwarai.

Na biyu, ka karanta fannin kula da gidaje da filaye har ka sami digiri ko babbar difloma. Ana koyar da shi a Jami'ar Legas, da Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da wasu makarantu.

Na uku, ka shiga ƙungiyar ƙwararrun sana'ar, NIESV, wadda aka kafa a shekarar 1969. Za ka yi aiki a ƙarƙashin wanda ya riga ka ƙwarewa, sannan ka zauna jarrabawar ƙungiyar.

Na huɗu, ka yi rajista da hukumar ESVARBON, wadda Doka ta 24 ta shekarar 1975 ta kafa. Ita ce ke riƙe da kundin sunayen ƙwararru, ita ke ba da hatimi, ita ce kuma ke hukunta wanda ya ci amana. Wanda ke cikin wannan kundi ne kawai doka ta amince ya ƙiyasta darajar kadara a matsayin ƙwararre.

Hanya ta biyu ita ce ta dillalin da bai yi wancan karatu ba, wanda aikinsa haɗa mai gida da mai saye ko ɗan haya. Shi ma akwai abin da ke kansa. Ya kamata ya koyi aikin a ofishin wani tsohon hannu, ya shiga ƙungiyar dillalai, ya kuma yi wa sunan kasuwancinsa rajista a hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni rajista. Haka nan zai nemi takardar sashen SCUML da ke ƙarƙashin hukumar EFCC, domin masu halatta kuɗin haram sukan ɓoye dukiyarsu a gidaje. Dokar da aka yi a kan haka a shekarar 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. Wasu jihohi kuma suna da nasu tsari. A Jihar Legas, dole ne dillali ya yi rajista da hukumar LASRERA kafin ya yi sana'ar.

Rajista ita ce ƙofar shiga, amma gaskiya ce ke zaunar da mutum a cikin sana'ar. Dillali na gari yakan je ya ga fili da idonsa, domin gani ya kori ji. Yakan bincika takardu a ofishin filaye, kamar AGIS a Abuja ko KADGIS a Kaduna. Yakan tambayi maƙwabta ko akwai rikici a kan wurin. Idan gidan gado ne, sai ya tabbatar magada sun amince. Yakan kira safiyo ya auna iyaka, lauya ya rubuta yarjejeniya, ya kuma ba da rasidi a kan kowane kuɗi da ya karɓa. Ba ya ɓoye aibin gida, ba ya ƙara kuɗi a ɓoye a kan abin da mai gida ya faɗa. Hausawa na cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Dillalin da ya cuci mutum ɗaya ya rasa unguwa guda.

Tattaunawa

Mai saye: Salamu alaikum. Malam, ina neman fili kusa da hanya.

Dillali: Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa, Hajiya. Akwai fuloti ɗaya, naira miliyan biyar aka sa masa.

Mai saye: Na saya miliyan uku da rabi.

Dillali: Albarka, Hajiya. Ki ƙara wani abu.

Mai saye: To, miliyan huɗu. Amma yana da takardu?

Dillali: Yana da su. Mai filin ya ce in an kai haka a sallama. Gobe sai mu je ofishin filaye tare da lauyanki a bincika. Kada ki biya ko kwabo sai an tabbatar.

Mai saye: Madalla. Allah ya kai mu.

Muhimman kalmomi

La'ada: ladan da dillali ke samu idan ciniki ya faɗa.

Tayi: kuɗin da mai saye ya ce zai biya.

Albarka: kalmar ladabi da ake faɗa idan tayi bai kai ba.

Sallamawa: amincewar mai kaya da tayin da aka yi.

Kadara: dukiya mai daraja, kamar gida ko fili.

Jingina: ba da kadara a riƙe har a biya bashi.

Kafin alƙalami: kuɗin da ake fara bayarwa don a tabbatar da ciniki.

Magada: waɗanda ke cin gadon mamaci.

Nazarin harshe

Ka lura da yadda aikatau "saya" ke canza wasalinsa na ƙarshe. Idan babu karɓau a bayansa, sai a ce: Na saya. Idan suna ya biyo baya, sai a ce: Na sayi fili. Idan wakilin suna ne, sai a ce: Na saye shi. Haka "karɓa" yake: ya karɓa, ya karɓi la'ada, ya karɓe ta. Kada ka rikita "saya" da "sayar da". Wanda ya sayi gida shi ne ya ba da kuɗi, wanda ya sayar da gida shi ne ya karɓa.

Ka kuma lura da dangin wannan kalma: dillali namiji ne, dillaliya mace ce, dillalai jam'i ne, dillanci kuwa sunan sana'ar ne.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin dillali?
2. A hannun wa Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen jiha?
3. Lissafa matakai huɗu na zama ƙwararre mai rajista.
4. Kawo abubuwa uku da dillali na gari ke yi kafin a biya kuɗi.
5. A tattaunawar da ka karanta, idan an shirya la'adar kashi 5 cikin 100, naira nawa dillalin zai samu?
6. Cike gurbi da saya, sayi ko saye: Hajiya ta ____ fili. Jiya ta ____ shi. Mene ne ta ____?

Aikin gida

Ka tambayi wani babba a gidanku yadda aka sami gidan da kuke ciki, ko saye aka yi, ko haya, ko gado. Rubuta abin da ya gaya maka cikin jimloli goma, ka yi amfani da kalmomi biyar daga cikin waɗanda ka koya a wannan darasi.