Kafin A Zubar Da Tsohon Faifai

Darasin kulob ɗinmu na wannan makon a kan tsofaffin finafinai ne da faya-fayan da ake adana su a ciki. Mun san wasu za su ce wa ke ta faifai yanzu, alhali komai yana cikin waya? Ku dai karanta zuwa ƙarshe tukuna.

Da farko, ba kowane tsohon fim ake kira fitacce ba. Fitaccen fim shi ne wanda shekaru suka wuce amma mutane ba su daina nemansa ba. A finafinan Indiya da iyayenmu suka kalla a silima akwai Mother India na 1957 da Sholay na 1975. A namu na Hausa akwai Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta yi a 1990, kuma shi ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo. Daga baya aka yi irin su Sangaya da Wasila. Ku tambayi yayyenku ko iyayenku mata, za ku ga sun yi murmushi kafin su amsa.

Abin da ya sa muka zaɓi wannan darasi shi ne fim yana ɓata kamar yadda akuya ke ɓata, sai dai shi idan ya ɓata babu mai cigiyarsa a kasuwa. A 2013 babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar da wani bincike da ya nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan ƙasar na zamanin da fim ba ya magana sun salwanta gaba ɗaya. Dalili ɗaya shi ne zaren da ake ɗaukar fim a kansa a wancan lokacin yana saurin kama wuta, kuma idan ya daɗe sai ya ruɓe ya zama gari. Indiya ma, duk da yawan finafinanta, ta rasa Alam Ara na 1931, fim ɗinta na farko mai magana. Yau ko kana da kuɗi buhu-buhu ba za ka iya kallonsa ba.

Mu ma saura ƙiris irin haka ta same mu. Da yawanmu mun san littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Najeriya na farko. Labarin malamin nan ne da yake ba almajiransa tarihin rayuwarsa, yadda aka raba shi da mahaifiyarsa yana yaro, aka ƙetara da shi hamada a zamanin cinikin bayi, ita kuma ta bi sawunsa tana nema. To, a 1976 Adamu Halilu ya mayar da labarin fim da harshen Hausa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu Umar. Fim ne mai tsawon fiye da awa biyu. Bayan wasu shekaru sai aka daina ganinsa, har mutane suka ɗauka ya tafi ke nan. Sai a 2016 aka gano naɗe-naɗen zarensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, wadda hedikwatarta ke Jos. Wata cibiya mai suna Arsenal a birnin Balin na Jamus ta gyara shi, ta mayar da shi na kwamfuta, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Ku lissafa, shekara 40 ke nan tsakanin yin fim ɗin da gano shi. Da wani ya ga gwangwanayen nan ya ce tarkace ne ya zubar, shi ke nan, da sai dai mu ji labari.

Shaihu Umar ya ci sa'a don a hannun hukuma yake. Finafinan bidiyo na Hausa kuwa ƙananan kamfanoni ne suka yi su, aka sayar a kasuwanni irin su Ƙofar Wambai a Kano, wasu kamfanonin ma sun daɗe da rufewa. Saboda haka yana yiwuwa kwafin da ke cikin kwali a ƙarƙashin gadon kakarka yana cikin 'yan kaɗan da suka rage. Mu kuwa me muke yi da su? Muna liƙa su a bayan keke don ƙyalli, ko mu rataye a gona don korar tsuntsaye, ƙannenmu kuma su yi tayar mota da su.

Yanzu ga tarihin kayan a taƙaice. Kaset ɗin bidiyo na VHS kamfanin JVC na Japan ne ya fito da shi a 1976, kuma an daina ƙera na'urarsa a 2016. Faifan VCD ya zo a 1993, ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 80, shi ya sa fim kamar Sholay mai fiye da awa uku sai an raba shi a faifai uku. DVD ya fito a 1996, yana cin giga 4.7, hotonsa ya fi kyau. Blu-ray ya biyo baya a 2006 da giga 25.

Wurin da ya fi ba mu sha'awa shi ne yadda faifai ke aiki, don shi ne ke nuna yadda za a kula da shi. Faifai roba ne mai haske, da wani siririn shafe na ƙarfe mai ƙyalli. A jikinsa akwai 'yan mitsi-mitsin ramuka da ido ba ya gani, an jera su a layi ɗaya da ya faro daga tsakiya yana zagayawa har baki, kamar yadda ake ɗinkin faifan kaba. Na'ura tana haska layin da hasken leza, hasken ya dawo, ta karanta. Shi ya sa idan za a goge faifai ba a bin zagaye. Idan ƙyallen ya karce shi ta zagaye, karcen zai bi layin ya shafe dogon wuri, fim ya riƙa tsayawa. Ana gogewa ne daga tsakiya zuwa baki, da ƙyalle mai laushi. Gefen riga mai ƙura bai dace ba, ko da yake mun san shi kowa ke kamawa.

Ga wani abin da mutane da yawa ba su sani ba. A faifan CD da VCD, shafen da ke ɗauke da fim ɗin yana dab da saman da aka buga hoto ne. Wato karce a sama ya fi karce a ƙasa illa, don haka kada a rubuta suna a kai da biro mai tsini. Shi DVD roba biyu ne aka manne, bayanan suna tsakiya, abin da ba ya so shi ne lanƙwasawa.

Sai rana da zafi. Faifan da aka buga a masana'anta ya fi ƙarko. Wanda aka tura wa fim a shago da kwamfuta, wanda sau da yawa ƙasansa ke da launin shuɗi ko shunayya, rini ne ke riƙe da bayanansa, kuma rana tana kashe rini. Irin wannan kada a bar shi a taga ko a gaban mota. A riƙe faifai ta gefe ko ta hudar tsakiya, a mayar da shi gidansa, a jera su a tsaye kamar littattafai. Kaset kuma ba ya shiri da laima da maganaɗisu, don haka a nisanta shi da lasifika da bangon da ke jiƙa da damina.

Masu tara finafinai na gaske ba yawa suke bi ba. Sun fi son na asali mai kwalinsa, domin a kwalin ne ake ganin sunan kamfani, da darakta, da 'yan wasa, wani lokaci har da shekara. Mu ma a ganinmu faifai ɗaya na asali ya fi guda goma na satar fasaha, irin wanda ake cusa fim takwas a ciki har fuskokin mutane su dagule. Fim ɗin waya kuwa yakan zo an yanke farkonsa, babu sunan kowa, ranar da wayar ta faɗa ruwa kuma ya tafi.

Kulob ɗinmu ya buɗe littafin rajista. Ba faifan muke so ku kawo ba, kada wani ya ɗauko na mahaifiyarsa ba izini ya ce mu muka aike shi. Ku nemi izini a gida, ku duba kwalin, ku rubuto mana sunan fim, da kamfanin da ya yi shi, da shekara idan akwai, da kuma ko kaset ne ko VCD ko DVD. A miƙa wa sakataren kulob ranar Laraba lokacin tara. Za mu liƙa jerin sunayen a wannan allo, ajin da ya kawo mafi tsufa kuma shi za mu sa a sama.