MAI CIKI DA CUTUTTUKA MASU YAƊUWA: DARASI DAGA GOMARI TA MAIDUGURI

Gomari unguwa ce babba a birnin Maiduguri, hedkwatar Jihar Borno, a ɓangaren da filin jirgin sama yake. Kanuri da Hausawa da Shuwa da Babur da Margi duk suna zaune a cikinta. Tun da rikici ya tashi a Arewa maso Gabas a 2009, mutanen ƙauyuka masu yawa sun taso sun sauka a gidajen 'yan'uwansu cikin unguwannin birnin irin wannan. Duk inda jama'a suka cunkushe, ruwan sha ya yi ƙaranci, magudanai suka toshe, nan ne cuta mai yaɗuwa take samun gindin zama. Wadda ta fi kowa shiga hatsari kuwa ita ce mace mai ciki, domin ciki yana rage ƙarfin jiki wajen yaƙi da waɗansu cututtuka, ga shi kuma rai biyu take ɗauke da su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata kimanin 260,000 suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan mata 'yan Nijeriya ne. Yawancin waɗannan mace-mace ana iya hana su. Masana sun yi shekaru suna bincike a kan haka a ƙasar nan, kuma abin da suka gano ya shafi kowane gida, ko a Gomari yake, ko a Sakkwato, ko a zangon Hausawa na Ibadan.

YADDA AKE BINCIKEN LAFIYAR JAMA'A

Likita a asibiti yana duba mutum ɗaya ne a lokaci ɗaya. Mai binciken lafiyar jama'a kuwa gari ɗungum yake dubawa. Da farko yakan ƙidaya waɗanda suka kamu da cuta, ya rubuta shekarunsu da unguwarsu da inda suke ɗibar ruwa. Sa'an nan ya gwada su da waɗanda ba su kamu ba, ya ga inda suka bambanta. Daga ƙarshe a jarraba magani ko dabara a wuri guda, in ta yi amfani a yaɗa ta ko'ina.

A Maiduguri akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wanda aka buɗe a 1983, kuma a cikinsa akwai ɗakin gwajin ƙwayar cutar shan inna. Irin wannan sa ido ne ya sa aka gano ɓullar shan inna a ƙananan hukumomin Jere da Gwoza a watan Agusta na 2016, aka bi gida gida da rigakafi, har aka tabbatar a ranar 25 ga Agusta, 2020, cewa nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar wannan cuta. Saboda haka idan ma'aikatan lafiya suka yi sallama a ƙofar gida suna tambayoyi, amsa musu da gaskiya taimakon kai ne.

DARASI NA ƊAYA: AWON CIKI

Daga 1976 zuwa 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun rubuta bayanin haihuwa 22,774 ɗaya bayan ɗaya, aka buga sakamakon a 1985. Mata 238 suka rasu a cikin wannan lokaci. Fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka rasu ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su cikin gaggawa. Matan da suka yi awo kuwa kaɗan ne ƙwarai suka rasu a cikinsu, ko da yake asibiti ɗaya suka zo.

Dalilin haka a fili yake. A wurin awo ake auna hawan jini da yawan jini, a duba fitsari, a ga kwanciyar ɗa, a gwada jini don ƙanjamau da tunjere da ciwon hanta, waɗanda uwa take iya sa wa jaririnta alhali akwai hanyar tsare shi. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu, na farko kuwa cikin wata 3 na farkon ciki. Kunyar cikin fari al'ada ce sananna, amma ba ta isa ta hana yarinya zuwa awo ba, domin mai cikin fari tana cikin waɗanda suka fi bukatarsa.

DARASI NA BIYU: ZAZZAƁIN CIZON SAURO

A Maiduguri damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, amma ruwan da ke kwantawa a kududdufai da kwatami yana hayayyafar da sauro, zazzaɓi ya yi tsanani daga tsakiyar damina zuwa kaka. Daga 1969 zuwa 1976 Gwamnatin Nijeriya da Hukumar Lafiya ta Duniya sun yi wani babban bincike a ƙasar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuwa tana Jihar Jigawa. An yi feshin maganin sauro a ɗakuna, an raba wa mutanen ƙauyuka magani, cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta ƙare ba, da aka daina aikin kuma sai ta dawo. Abin da aka koya shi ne, tsare kai daga sauro aiki ne na kullum, kowace shekara.

Ga mai ciki, ƙwayar wannan cuta takan taru a mabiya, inda ɗa yake samun abinci daga uwa. Mace tana iya ɗauke da ita ba ta jin zazzaɓi ko kaɗan, alhali tana cinye mata jini, tana tsumburar da ɗan da ke ciki. Binciken da Farfesa Alan Fleming ya jagoranta a Zariya, wanda aka buga a 1986, ya nuna cewa ba masu cikin fari maganin rigakafin zazzaɓi yana rage musu ƙarancin jini mai tsanani. Wannan yana da muhimmanci, domin mace mai ƙarancin jini ba ta jure zubar jinin haihuwa, abin da wata za ta zubar ta tashi, ita sai ya kayar da ita.

Abubuwa uku ake bukata. Na ɗaya, kwana cikin gidan sauro mai magani kowane dare. Na biyu, shan ƙwayar rigakafi da aka fi sani da Fansidar a gaban ma'aikaciyar awo, daga mako na 13 na ciki, aƙalla sau 3, da ratar wata guda a tsakani. Na uku, shan maganin ƙarin jini kullum kamar yadda aka umarta. In zazzaɓi ya zo, a je a gwada jini a ranar, kada a sayi magani a kan tire.

DARASI NA UKU: ZAZZAƁIN LASSA

A 1969 aka fara gane wannan cuta a garin Lassa da ke kudancin Borno, bayan ta kama ma'aikatan jinya na asibitin mishan, shi ya sa ta ci sunan garin. Daga baya masu bincike a ƙasar Saliyo suka gano cewa wani irin ɓera mai yawan nonuwa ne yake ɗauke da ƙwayar, yana zuba ta cikin fitsarinsa da kashinsa a kan abinci. Tana kuma yaɗuwa daga jini da sauran ruwan jikin majiyyaci. An fi ganinta da rani, daga Disamba zuwa Afrilu.

Farkonta kamar zazzaɓin cizon sauro take, da kasala da ciwon kai da ciwon makogwaro. Idan ta kama mace a wata 3 na ƙarshen ciki, a fiye da kashi 80 cikin 100 akan rasa ɗan, ko uwar, ko duka biyun. Don haka zazzaɓin da bai ji maganin cizon sauro ba, a koma da shi asibiti nan da nan. A rufe hatsi da gari a mazubi mai murfi, a daina shanya abinci a bakin hanya, a toshe ramukan ɓera, a nisantar da juji daga ɗakin girki.

DARASI NA HUƊU: RUWAN SHA

A watan Agusta na 2017 cutar amai da gudawa, wato kwalara, ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Muna Garage a bakin Maiduguri, ta bazu zuwa Dikwa da Monguno. Fiye da mutum 5,000 suka kamu kafin a shawo kanta a watan Disamba, bayan an tsabtace ruwa, an kuma ɗiga wa dubban ɗaruruwan mutane rigakafi a baki. A wannan shekara kuma ciwon shawara da ake ɗauka ta ruwa mai ƙazanta ya ɓulla a Ngala da kuma Difa ta Jamhuriyar Nijar. Wannan shawara takan warke da kanta ga yawancin mutane, amma ga mace mai tsohon ciki tana iya kashe ɗaya cikin huɗu ko biyar. Bayan madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, a watan Oktoba kuma aka sanar da sake ɓullar kwalara a jihar.

Duka cututtukan biyu hanyarsu ɗaya ce, wato bayan gida ya shiga abin sha ko abin ci. Ruwan da aka saya wurin mai baro ko aka ɗebo a rijiya, a tafasa shi ko a sa masa sinadarin tsabtace ruwa. A rufe randa, a ware mata moɗa guda. A wanke hannu da sabulu bayan an fito daga bayi da kafin a taɓa abinci. Mai cikin da ta fara gudawa a haɗa mata ruwan gishiri da sukari tana sha a kan hanyar asibiti, wadda idonta ya yi rawaya kuma kada a tsaya jiƙa mata saiwa.

DARASI NA BIYAR: RANAR HAIHUWA

Tun 1847 wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya nuna a birnin Viyana cewa wanke hannun mai karɓar haihuwa yana rage mutuwar masu jego. Har yau haka abin yake. Hannu mai tsabta, shimfiɗa mai tsabta, sabuwar reza da zare mai tsabta, su ne ke tsare uwa daga zazzaɓin jego, su tsare jariri daga ciwon sarƙewar haƙora. Allurar rigakafin wannan ciwo ana yi wa mai ciki sau 2 da ratar mako 4, a cika ta sau 5 a tsawon shekarun haihuwa. Cibiya kuwa maganin Chlorhexidine da asibiti ke bayarwa shi kaɗai za a shafa mata, ban da toka, ban da man goge baki.

A 2023 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano, ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya. An ga cewa auna jinin da mace ta zubar da wata leda mai ma'auni, tare da ba ta magunguna gaba ɗaya ba da jinkiri ba, ya rage zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayansa da kashi 60 cikin 100. Irin wannan taimako a asibiti ake samunsa.

ABIN DA KE KAN MAI GIDA

Wajibi ne mai gida ya ba da izinin zuwa asibiti tun da wuri, ya sanar da mahaifiyarsa da ungozoma da maƙwabta cewa ko ba ya nan a tafi. Ya tanadi kuɗin mota, ya san mai Keke Napep ɗin da zai kira ko da tsakar dare, ya nemi 'yan'uwa biyu da za su iya ba da jini. Alamomin da ba a kwana da su a gida su ne zubar jini, zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, rawayar ido, ɗa ya daina motsi, naƙuda ta wuce awa 12, ko ruwa mai wari bayan haihuwa. Idan aka ga baƙuwar cuta ta kama mutane da yawa a unguwa, a sanar da asibiti mafi kusa da mai unguwa, ko a kira Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa a lamba 6232, kyauta ne.

TAMBAYOYI DON AJIN YAƘI DA JAHILCI DA TARON UNGUWA

1. Me binciken Zariya ya nuna game da matan da ba su zuwa awo?
2. Ta yaya zazzaɓin cizon sauro yake cutar da mai ciki ko ba ta jin zafin jiki?
3. Wace dabba ce ke yaɗa zazzaɓin Lassa, kuma yaya ake tsare abinci daga gare ta?
4. A faɗi hanyoyi uku na tsabtace ruwan sha a gida.
5. A lissafa alamomi biyar da za su sa a kai mai ciki asibiti nan take.