Nazarin Zabura ta 126: Manomin da Ya Fita Shuka Yana Kuka

A ranar 25 ga Yuli, idin Manzo Yakubu, Zabura ta 126 ce muke amsawa bayan karatu na fari. Gajeriya ce, aya shida kacal, tana kuwa cikin waƙoƙi 15, daga 120 zuwa 134, waɗanda ake kira waƙoƙin hawa, na masu zuwa sujada Urushalima.

Ya kamata mu fara sanin bakin da ta fito. Wajen shekara ta 587 kafin haihuwar Almasihu Babilawa suka rushe Urushalima, suka kwashe jama'arta. A 538 Sairus, sarkin Farisa, ya ba su izinin komawa. Yawancin masana suna ganin murnar wannan komowa ce ta cika ayoyi uku na farko. Amma daga aya ta huɗu sai waƙar ta juya ta zama roƙo. Me zai sa wanda aka riga aka cece shi ya sake neman ceto? Littafin Annabi Haggai, wanda ya yi wa'azi a 520, ya nuna mana dalili: sun koma gida sun tarar da kufai, ga fari, ga ƙarancin amfanin gona, Haikali ma bai kammala ba sai wajen 515.

Mawaƙin ya roƙi Allah ya yi musu yadda yake yi wa rafuffukan Negeb, wato busasshen yankin kudancin ƙasarsu, inda kwari ke zama ƙayau wata da watanni, ruwan sama guda ya cika shi. Mutumin Maigatari ko Sule Tankarkar ba ya bukatar a fassara masa wannan. Ya san tafkin da ya tsattsage da rani, aka kwana aka tashi ya batse, kwaɗi na ta kuka.

Sai kuma manomin nan mai hawaye. Mu da muka san binne mun fi mutanen birni gane shi. Magidanci a Gagarawa yakan buɗe rumbu a ƙarshen bazara ya ga dami nawa ya rage, ya ɗebi irin gero ya zuba cikin busasshen rairayi tun hadari bai haɗu ba. Abincin bakin 'ya'yansa yake binnewa. In ruwa ya sauka sau ɗaya ya ɗauke, tsiron ya ƙone, sai ya sake ɗiba daga abin da ya saura. Hawayen ke nan, ba ado ne na waƙa ba.

Ikkilisiya tana karanta Zabura da hasken Ubangijinmu Yesu, wanda a Yahaya sura 12 ya kamanta mutuwarsa da ƙwayar alkama da ba ta ba da 'ya'ya sai an binne ta. Shi ne manomin, shi ne kuma irin. Shi ya sa aka zaɓi wannan zabura domin idin Yakubu, na fari cikin manzanni da aka kashe, lokacin da Sarki Hirudus ya sa aka sare shi da takobi (Ayyukan Manzanni sura 12). A nan muke jan kunnen masu koyar da cewa duk wanda ya yi addu'a da wannan zabura lalle gonarsa za ta yi albarka bana. Yakubu ya yi shuka, amma bai ɗauki dami a kansa a wannan duniya ba, kuma ba don bangaskiyarsa ta gaza ba.

Waliyyi Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, wanda ya rasu a 430, ya yi wa jama'arsa wa'azi a kan wannan zabura, ya ce irin da muke shukawa ayyukan jinƙai ne. Maganar tana da sauƙin ji da kaka. A Yuli da Agusta ne take da nauyi, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, kwanon gero ya yi tsada a kasuwar Gumel, sabon hatsi kuwa bai nuna ba. A daidai lokacin ne gwauruwar da ke maƙwabtaka da mu, Kirista ce ko Musulma, za ta turo yaro da ƙwarya, mu kuwa mun san sarai kwano nawa ya rage mana.