Wa Zai Cire Tsohon Bayani?

A watan Mayun 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta kammala haɗe gajerun lambobin da ake dannawa a waya. Ko wane layi kake riƙe da shi, MTN ne ko Airtel ko Glo ko wani, lambar ɗaya ce: *310# don duba kuɗin waya, *311# don sa kati, *312# don sayen data, 300 don kiran masu kula da abokan hulɗa. Gyara ne mai kyau. Sai dai in ka bi titunan Gwarinpa kana duba jikin rumfunan masu kati da masu cajin waya, ba za ka rasa takardar da rana ta koɗe ba, tana nan tana cewa a danna *556#. Haka abin yake a tsofaffin bidiyon YouTube da Facebook. Wanda ya rubuta bai yi ƙarya ba, a lokacin haka ne. Ba a dai sa kowa ya dawo ya cire ba.

Sana'ata rubuta bayanin yadda ake amfani da manhaja, kuma galibin abin da nake rubutawa na masu POS ne da kwastomominsu. Ina magana ne da 'yan'uwana a wannan aiki, da matasan da ke son shigowa, da masu kamfanonin da ke ɗaukarmu. Bayani ma yana da ranar lalacewa kamar maganin kemis, kuma da wuya ka ga wanda ke dubawa.

Gwarinpa wuri ne mai koyar da marubuci. Rukunin gidaje ne da hukumar gidaje ta tarayya ta gina a zamanin Janar Abacha, ana kuma yawan kiransa mafi girma a Afirka ta Yamma. A layi ɗaya za ka sami darakta mai babbar waya da intanet a gida, a ƙofarsa ga mai gadi da ƙaramar waya mai madannai, ga mai ruwa, ga mai shayi, ga ɗan Keke da ke tura wa iyalinsa kuɗi Katsina ko Maraɗi duk mako. Dukansu a rumfar mai POS ɗaya suke haɗuwa. Idan bayani ya tsufa, darakta zai bincika ya gano. Mai gadi kuwa zai danna, abu ya ƙi, ya ce ko sabis ne, ko kuma ya zargi kansa da rashin ilimi, ya miƙa wa wani yaro wayarsa da lambar sirrinsa. Ta wannan ƙofa 'yan damfara ke shigowa.

Shi ya sa duk bayanin da ya fita daga hannuna yana da mai shi, yana da ranar da aka rubuta shi, da ranar da za a sake duba shi. Mai shi ina nufin mutum da sunansa, ba "sashen fasaha" ba, domin aikin da aka ce na sashe ne yakan zama na ba kowa. Muna kuma da takarda guda a kwamfuta inda aka jera duk inda bayanin ya je: cikin manhaja, saƙon tes, fosta, saƙon murya a zauren WhatsApp na wakilai, wato masu POS. Ranar da injiniyoyi suka sauya maɓalli ɗaya, sai a bi jerin nan ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai gundura, ba wanda zai yaba maka a kansa, amma shi ne rabin sana'ar.

Inda tsufan bayani ya fi ciwo shi ne lokacin da ciniki ya maƙale. Wanda ya ga wahalar kuɗi ta farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, ya san jumlar nan: "An cire, amma bai shiga ba." A wannan minti mutum ba ya neman tarihin kamfani. So yake ya ji ina kuɗinsa, me zai yi yanzu, kwana nawa zai jira. Tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya rage wa'adin warware irin wannan matsala ta POS zuwa sa'o'i 72, amma na sha ganin takardun horar da wakilai da ke ɗauke da tsohon wa'adi. Sai wakili ya faɗi abu ɗaya, banki ya faɗi wani, kwastoma ya tsaya a kan rumfa ana cacar baki. Abin da nake rubuta wa wakili gajere ne: ya ba kwastoma rasit ɗin da ya nuna cinikin bai yi ba, ya nuna masa lambar cinikin da ke jiki, ya ce masa ya kai ta bankinsa, kada kuma ya sake goga katin sau biyu sau uku don a gwada sa'a.

Akwai wani abu da masu rubutu da Hausa ya kamata su sani tun kafin su yi alkawarin fassara komai. Saƙon tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160 ne idan duka haruffan suna cikin jerin da aka tsara wa wayoyin GSM. Ƙ da ɗ da ɓ ba sa cikin jerin. Da ka saka ɗaya kawai, saƙon ya koma wani tsari mai ɗaukar haruffa 70, abin da zai tafi a saƙo ɗaya ya zama uku, kuɗin turawa ya ninka. Wasu tsofaffin wayoyin ma akwati suke nunawa a gurbin harafin. Ra'ayina shi ne a manhaja da fosta a rubuta Hausa da ƙugiyoyinta daidai, babu uzuri. A saƙon tes kuwa a zauna a zaɓi kalmomin da ba za su rikita ma'ana ba ko da ƙugiya ta faɗi, sannan a gwada a ƙaramar waya ta gaske kafin a tura wa dubban mutane.

Shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta Dakta Bosun Tijani ta ƙaddamar a 2023 yana da burin horar da mutum miliyan uku a fannonin fasaha, kuma na ga matasan Abuja da suka amfana. Abin da na fi ji a bakinsu shi ne rubuta manhaja, nazarin bayanai da tsaron intanet. Ina so masu horarwa su ƙara musu aiki ɗaya: duk abin da ɗalibi ya gina, ya rubuta yadda ake amfani da shi a rabin shafi, ya miƙa wa wanda bai taɓa ganin abin ba, ya yi shiru yana kallo. Duk inda mutumin ya tsaya yana waige, nan ne gyara yake. Ni da mai shayin layinmu nake gwadawa, kuma ba ya jin nauyin ce mini, "Malam, wannan ban gane ba."

Saƙon murya ya fi komai isa ga jama'armu, ya kuma fi komai wuyar janyewa, don da ya fita sai ya yi ta yawo daga zaure zuwa zaure har shekara biyu. Saboda haka duk wanda muka naɗa, jumlar farko tana faɗin wata da shekara da sunan manhajar, ta biyu kuma tana cewa in an ji saƙon bayan wata shida, a kira lambar da ke jikin na'urar POS a tabbatar kafin a bi.