Yabo a cikin gida

A shekarar 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko, nan garin Tawa. Kantu na Maraɗi ne ya zo na ɗaya. Duk wanda ya taɓa zuwa kallon kokowa ya san ɗan kokowa ba ya shiga fili shiru. Makaɗi yana kiran sunansa, yana faɗin garinsu da mazan da ya kayar. Sai ka ga jikinsa ya ɗauki tsuma. Ƙarfin nasa ne, amma yabo ne ya tashe shi. To, in ƙato yana bukatar yabo, ina ga yaro ƙarami?

Sai dai gida ba filin kokowa ba ne. A gidajenmu na Adar akwai kunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, balle ta yabe shi gaban mutane. Uba ma, ko ɗansa ya wuni yana noma, da wuya ya ce masa ya yi ƙoƙari. Sai ya duba aikin, ya gyaɗa kai, ya wuce. Yaron da bai gane ba sai ya ce ba a son sa. Ba haka ba ne. Yabon iyaye yana da hanyoyinsa.

Sau da yawa ta bakin kaka yake biyowa, don babu kunya tsakaninta da jika. Ta ce: «Maigidana, an ce yau kai ka shayar da awaki. Zo ka karɓi furarka!» Wa ya gaya mata? Uwar yaron ce. Wani lokaci kuma babu magana ko ɗaya. Uba ya dawo daga kasuwar Tawa ran Lahadi, ya miƙa wa yaro sabon takalmi. Ko damina ta faɗi ya yanka masa gayauna, ya ce: «Nan taka ce.» Ba a ba malalaci gayauna. Mafi girma duka shi ne ranar da mahaifi ya ce: «Allah shi yi maka albarka.»

Amma kunya daban, rowar baki daban. Akwai gidan da yarinya za ta daka gero, ta ɗebo ruwa, ta goyi ƙanenta, ba mai ce mata sannu. Ranar da ta fasa tulu kuwa, unguwa duka sai ta ji. Irin waɗannan yara muna gane su a lakwal. Malam ya yi tambaya, sun san amsa, amma ba su ɗaga hannu. Suna tsoron kuskure.

Yabo mai amfani shi ne wanda ya faɗi aikin da aka yi. «Furar nan ta damu da kyau» ya fi «kin fi kowa». Na biyun nan yana haddasa gaba, musamman tsakanin ƴan uba.

Ku ma yara, akwai naku. Lokacin aikin raya ƙasa na Keita, da aka fara a 1984, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da dasa itatuwa bisa tuddai, don maza da yawa sun tafi bida Abijan da wasu garuruwa. Uwar da ta wuni ɗauke da dutse a ka, in ta shigo gida, me take son ji? Ɗanta ya tarbe ta da ruwan sanyi, ya durƙusa ya ce: «Inna, sannu da aiki.»

Tambayoyi

1. Me makaɗi yake faɗa in ɗan kokowa zai shiga fili?
2. Don me uwa ba ta yabon ɗanta na fari gaban mutane?
3. Me ke nan «rowar baki»?
4. Wa ya yabe ka a makon nan, kuma da wace kalma?

Aikin gida

Tambayi kakarka yadda ake yabon yaro a zamaninsu. Rubuta jimla uku cikin kayenka.