Jinin Dasashi Lokacin Goyon Ciki: Amfanin Hoton Baki

'Yar'uwa mai juna biyu, idan kina ganin jini a jikin asuwaki ko burushi duk lokacin da kika goge baki, kada ki ɗauka al'adar ciki ce kawai. Alama ce ta kumburin dasashi. Sinadaran jikinki suna canzawa da shigar ciki, don haka ɗan dattin da ya maƙale a gindin haƙori ya isa ya sa dasashi ya yi ja, ya kumbura. Yakan fara daga wata na 2 ko na 3, ya tsananta wajen wata na 8.

Me ya sa za ki damu?

In an bar shi, ciwon yana iya gangarawa ya ci ƙashin da ke riƙe da haƙori, har haƙorin ya fara girgiɗa. A shekarar 1996 wani bincike a Amurka ya nuna cewa matan da ciwon dasashinsu ya yi nisa sun fi yawan haihuwar bakwaini. Wannan ya isa dalilin a duba bakinki kamar yadda ake duba cikinki.

Yadda hoto ke taimakawa

Likitocin haƙori suna da wata 'yar kyamara mai kamar biro, da fitila a bakinta. Haske kawai take amfani da shi, ba hoton ƙashi ba ne, babu abin da zai taɓa jaririnki. Ana ɗaukar hoton dasashi kafin a wanke haƙora, a sake ɗauka bayan mako 2, sannan a jera su. In jan ya ragu, kumburin ya saɓe, dasashi ya kama haƙori gam, to sauƙi ya samu. Sai dai hoto ba ya ganin abin da ke ƙarƙashi. Shi ya sa likita ke auna zurfin tsakanin dasashi da haƙori. Mai lafiya ba ya wuce milimita 3.

Ke da ke Jibiya ko Magama, ko kike tsallakowa daga Ɗan Isa, zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a kai a kai ba abu ne mai sauƙi ba. Wayar hannu za ta taimaka. Sau ɗaya a wata, maigida ko 'yar'uwarki ta ɗauki hoton dasashinki da safe, a wuri ɗaya mai haske, kin ɗaga leɓe da hannu mai tsafta. Ki nuna wa ungozoma ranar awo.

Abin da za ki yi a gida

1. Ki goge baki safe da dare da burushi mai laushi da man goge baki, ko da jini na fita.
2. Kada ki dirje dasashi da gawayi ko toka.
3. Bayan amai ki kuskure baki da ruwa, ki dakata kamar awa ɗaya kafin gogewa.
4. Kada ki sayi kafso a kemis ba tare da izinin likita ba. Tetracycline yana ɓata launin haƙoran yaro tun yana ciki.

Wanke haƙora a asibiti ba ya cutar da ciki, kuma ya fi sauƙi daga wata na 4 zuwa na 6. In kin ga ƙullutu a dasashi, ruwan miki, haƙori mai girgiɗa, ko kumburin fuska da zazzaɓi, kada ki jira ranar awo, ki tafi asibiti a ranar. Maigida, a taimaka da kuɗin mota.

Allah ya raba lafiya.