DARASI: IDAN ALLURAR ZAFI TA ƘI TASHI, MOTA BA TA DA LAFIYA

Darasinmu na wannan fitowa domin direbobi ne, da dattawa, da kwamitocin da ke kula da motar ikkilisiya ko ta ƙungiyar manoma.

A lokacin hunturu na ziyarci wani ƙauye domin taron kwamiti. Ma'aji ya kawo kuka cewa a-kori-kurarsu, wadda ke kai marasa lafiya asibiti, take kuma ɗauko taki, ta koma shan mai fiye da dā. Har an fara zargin direba. Shi kuwa ya ce motar lafiyarta ƙalau, domin ko an yi tafiyar awa biyu allurar zafi ba ta tashi daga ƙasa. Ashe abin da yake yabo shi ne ciwon motar. Da aka kwance, sai aka tarar wani bakanike ya cire tamostat tun tuni. Saura kaɗan a ɓata sunan ɗan'uwa a banza.

Me ya sa injin yake bukatar zafi?

An ƙera injin mota ya yi aiki sa'ad da ruwansa ya kai wajen digiri 90 a ma'aunin Selsiyos. A nan ne allura take tsayawa kusa da tsakiya, tsakanin harafin C da H. Abin da ke riƙe wannan zafi wani ɗan bawul ne da kanikawa ke kira tamostat. Yana zaune inda ɗaya daga cikin manyan tiyo biyu na lagireto ya haɗu da injin. A cikinsa akwai wani irin kaki. Da sanyi bawul ɗin yana rufe, ruwa yana zagayawa cikin injin kawai har ya ɗumama. Idan zafi ya kai, kakin ya narke ya kumbura, bawul ya buɗe, ruwa ya wuce lagireto ya sha iska. Yawancinsu suna fara buɗewa a digiri 82 ko 88, kuma lambar tana rubuce a jikinsu.

Sau da yawa ana gaya mana cewa tamostat na ƙasashen sanyi ne, a cire shi daga motoci 'yan Kwatano. Wannan kuskure ne. Injin da ba ya kai zafinsa yana shan mai da yawa, musamman a motoci masu kwamfuta, domin kwamfutar tana ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta yi ta ƙara fetur. Filogi yana yin baƙi. Fetur da danshi suna gauraya da baƙin mai, su rage masa ƙarfi, ringi da silinda su cinye da wuri. Ba a ganin ɓarnar rana ɗaya, sai ranar da aka ce a sauke injin.

Yadda za a bincika

1. A duba ruwa tukuna, da safe kafin a tayar da mota. Idan ruwa ya yi ƙasa ƙwarai, allura tana iya nuna sanyi alhali injin yana ƙuna. Kada a taɓa buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan zai iya ƙone fuska.

2. A tayar da mota, a riƙa taɓa tiyon sama na lagireto, ana kiyaye hannu da riga daga fanka da fambel. Idan tamostat yana aiki, tiyon zai zauna da sanyi na wasu mintoci, sa'an nan ya yi zafi da sauri. Idan ya fara ɗumi kaɗan-kaɗan tun farko, to bawul ya maƙale a buɗe, ko babu shi.

3. A lura da allura a kan hanya. Idan tana tashi sa'ad da mota ke tsaye, tana kuma faɗuwa idan ana gudu ko ana gangara, wannan ma alamar tamostat ce.

4. A saurari fanka. Fanka mai aiki da lantarki bai kamata ta tashi da zarar an murɗa makulli da sanyin safiya ba, in dai ba a kunna na'urar sanyaya mota ba. Idan tana tashi, mai yiwuwa an haɗa wayarta kai tsaye. A mayar da ita yadda take.

5. Idan an yi tafiya, tiyo ya yi zafin da hannu ba zai iya riƙewa ba, amma allura tana kwance, to injin ya ɗau zafi. Laifin na wayar allurar ne, ko na ɗan ma'aunin zafi da ke jikin injin.

6. Idan bakanike ya ciro tamostat, a sa shi cikin tukunyar ruwa a ɗora a wuta. Mai kyau yana rufe cikin ruwan sanyi, ya buɗe kafin ruwa ya tafasa, ya sake rufewa in ya huce. Wanda bai yi haka ba a canja shi da mai lamba iri ɗaya.

Wani zai ce, "Ai domin motar tana tafasa aka cire shi." To, sai a nemi dalilin tafasar: lagireto ya toshe da tsatsa, ko murfinsa ya mutu, ko fambel ya saki, ko ruwa yana yoyo. Idan kuma tamostat ne ya maƙale a rufe, maganinsa sabo ne. Kuɗinsa bai kai ko kusa da kuɗin gyaran injin ba.

'Yan'uwa, motar nan da baikon masu bi aka saye ta, har da na gwauraye. Kula da ita riƙon amana ne a gaban Allah.

Domin tattaunawa: a karanta Luka 16:10.

(a) Ina allurar motarmu take tsayawa bayan tafiyar minti 15?
(b) Muna da littafin rubuta man da aka saya da nisan tafiyar da aka yi?
(c) Wa yake raka direba gareji ya ga abin da aka cire da abin da aka sa?

Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.